Abin da Ban Faɗa Maka a Kan Gwiwarka Ba

Gaya, ranar Laraba, bayan azahar.

Zuwa ga ɗana Idi, sabon mushen lekol, wato malamin makarantar boko.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka da gajiyar hanya, ina gaishe ka da baƙunta. Allah Ya sa kamyon da ya ɗauke ka ya sauke ka Yelu lafiya, Ya sa jakin da ya ƙarasa da kai ƙauyen bai zubar da kai da akwatinka a laka ba. Allah Ya tsare ka daga sharrin ruwa da na rana da na mutum, Ya haɗa ka da maƙwabta nagari.

Labarin gida ba zan ɓata takarda a kansa ba. Kwana biyar da tafiyarka, ba wanda ya haihu, ba wanda ya mutu, kogi yana inda ka bar shi. Na san abin da zai fara ba ka mamaki shi ne ganin Hausa ta fito daga alƙalamina. Shekara huɗu kana can wajen koyon aikin malanta, duk wasiƙar da na aiko maka da faransanci take. Taka kuma in ta zo, sai in bi ta da jar tawada in gyara kurakurai in mayar maka, kamar ba ɗana ne ya gaishe ni ba. Yau na ajiye jar tawada. Maganar da ke bakina ba zan iya faɗinta da harshen aro ba.

Ranar da kake ɗaure kaya, bayan la'asar, ka ce mini: "Baba, kilas ɗina tun ranar hwarko ba a jin komi sai faransanci, yadda kay yi muna." Na san don ka faranta mini rai ka faɗa. Na yi murmushi na ce madalla. Na bi ka da kallo kana jan ƙafar hagu zuwa ƙofa. Akwai magana a kan gwiwar nan taka da na riƙe shekara da shekaru. Ka san kurkunu ne ya sa ta ƙage. Abin da ba ka sani ba shi ne da hannun ubanka a ciki. Na gwammace ka ji, ko da za ka rage ganin girmana, da ka je ka yi wa ƴaƴan mutane abin da na yi maka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma ka yi haƙuri in faro daga tushe, don kuskuren ba rana ɗaya ya faɗo mini daga sama ba.

Lokacin da aka ba ni kilas na farko nan Gaya ina monitar, wato ƙaramin malami a ƙarƙashin diraktan lekol, ban fi ka shekaru ba, amma na fi ka girman kai nesa ba kusa ba. Farin wando, hular kwano, takalmi mai ƙara, in na bi ta kasuwa ko sallama sai na ga dama nake amsawa. Yaran kuwa gardi ne, wato ɗan sandan hukuma, ya tattaro su daga ƙauyuka da umarnin kumandan, Baturen mulki, ba wanda ya taɓa jin kalma ɗaya ta Nasara. Doka ta ce faransanci kaɗai, ni kuma na ƙara wa dokar gishiri. In ɗaga hannu in faɗi kalma, su amsa gaba ɗaya. In nuna ƙofa in faɗi, su amsa. Har yau ban sani ba ko hannu suke zaton ina nufi, ko yatsa, ko sama. Masu babbar murya na jawo su gaba na ce su ne masu ƙwaƙwalwa. Masu shiru na tura su bencin baya, na raɗa wa bencin suna layin jakuna.

A layin nan akwai wani Barmu, ɗan masunci daga Tunuga. Shekara uku yana kallon bakina, ban taɓa jin muryarsa ba sai in na doke shi. Daga ƙarshe na kore shi, na aika wa ubansa cewa kan ɗansa dutse ne, ya mayar da shi kamun kifi. Bayan shekaru masu yawa, wata rana zan haye zuwa Dahome, na isa mashigi na tarar da wani ƙato mai manyan jirage uku yana gardama da Baturen duwan, mai karɓar harajin kaya a kan iyaka, a kan buhunan shinkafa. Faransanci yake zubawa, ba mai kyau ba, amma Baturen yana ji, har yana ja da baya. Ya juya ya sallami wata Bayarabiya da harshenta, ya daka wa matuƙansa tsawa da Dendanci. Yana ganina ya washe baki, ya ɗaga murya kowa na ji:

"A'a, Mushe Garba! Ga jakinka nan! Shigo, ba ka biyan komi."

Kunya ta rufe ni. Da muka kai tsakiyar ruwa na daure na tambaye shi inda ya koyi faransanci.

"Bakin gulbi, Mushe," in ji shi. "Nasara na nuna buhu shina hwaɗin sunan abin, na san buhu aka nuhi. Kai ko, shekara ukku ina dubin bakinka, ban san mi kaka so ba. Da ka hwaɗa min sau guda da maganar gidanmu, da na ba ka amsa. Tsoro ni ka ji in buɗe baki in yi ɓarna."

Ya faɗa yana dariya, ba ya riƙe da ni. Ni ne dariyar ba ta zo mini ba. Saboda haka, Idi, in ka ga yaro ya yi shiru a gabanka, kada ka yanke masa hukunci. Yaron da ya zo maka yana ɗan shekara bakwai ya riga ya san sunan kowane icce a gonar ubansa, ya san kiwo, ya san tatsuniya, ya iya gardama da uwarsa. Duk wannan da harshen gida ya ɗauko shi. In ka hana harshen shiga kilas, ka hana yaron shiga, gangar jikinsa kawai ke zaune a benci. Ka tambaye shi da abin da yake ji kafin ka ce ba ya ji.

Za ka ce ai Barmu ya ishe ni darasi. Ina! Ubanka ba ya jin magana da wuri. Na ce a raina wannan faransancin bakin ruwa ne, ba na littafi ba, na ci gaba da abina. Haka kuma na yi a Kamba, can ɓangaren Ingilishi, da muka je sunan ɗan wani ɗan'uwana. Ka san su can da Hausa suke fara karatun yara. Aka kawo wasiƙa daga wani da ke aikin soja, sai ga ƴar gidan, yarinyar da ba ta fi shekara takwas ba, ta karɓa ta karanta wa mata. Inda abin dariya yake ta yi dariya kafin su, inda aka ce wane ya rasu muryarta ta yi rawa. Sannan kakarta tana faɗa tana rubuta amsa. Aka ce, "Mushe, ka gani?" Na taɓe baki na ce wannan ai ba ilimi ba ne, karatun Hausa ko makaho ya yi. A hanyar dawowa zuciyata ta ce mini: naka fa, da shekara huɗu a lekol, suna karanta shafi guda ba tuntuɓe, akwai wanda ya taɓa dariya a inda ya dace? Na ce wa zuciyar ta yi mini shiru.

Ba ina ce maka duk abin da Ingilishi ke yi daidai ne ba. Su ma da nasu ciwon. Abin da nake so ka ɗauka shi ne, fitar da sauti daga takarda daban, karatu daban. In yaro ya karanta maka shafi, ka rufe littafin ka ce ya ba ka labarin abin da ya karanta da harshen da ya ga dama. In ya iya, ya yi karatu. In ya tsaya yana kallon rufin ɗaki, to karatun aku kuka yi, kai da shi duka.

Yanzu na zo gida, inda abin ya fi muni. Uwarka Badendiya ce, da Dendanci ta yi maka wasa a zane, Hausa kuma ka tsince ta a ƙofar gida. Ranar da na sa ka lekol na kafa doka a tsakar gidana: ba mai yi maka Dendanci, ni kuma ba ni amsa maka sai da faransanci. Na ce harshen gida yana toshe kan yaro. Uwarka ta ce, "To, Malam," ta koma yi maka magana a ɓoye a bayan rumbu kamar mai sata. Kai kuma ka ba ni abin da nake so. Kunnenka ya fi na kowa, duk abin da na faɗa sau biyu ka hardace shi, har karin muryata kana kwaikwaya. Na zaunar da kai a bencin gaba ina nuna ka ga baƙi.

Shekarar da kake ɗan tara, dab da hutun damina, aka ce anspekta zai zo, Baturen da ke zagayawa yana duba aikin malamai. Na zaɓi darasi daga littafin tsabta na sa ku hardace. Bari in faɗa maka da Hausa abin da darasin yake cewa, tunda ban taɓa yi ba. Cewa yake kurkunu ta ruwan tafki yake shiga jikin mutum, wasu ƴan ƙananan halittu da ido bai cika gani ba su ke ɗauke da shi, kuma duk wanda ya tace ruwa da ƙyalle mai tsabta, ko ya tafasa shi, ya tsira. Shi ke nan. Ranar da Baturen ya zo na kira ka. Ka miƙe, ka harɗe hannu a ƙirji, ka zubo shi tun daga farko har ƙarshe ba gargada. Ya shafa kanka, ya ba ka littafi mai hotuna, ya rubuta yabo a kaina. Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa, na sa aka yanka zakara.

Bayan kwana kaɗan kuka tafi hutu kai da uwarka, tungar kawunka da ke bayan Tunuga, inda suke noma nesa da kogi. Na san sarai ruwan tafki suke sha da damina. Na raka ku har bakin jirgi, na dafa kafaɗarka na yi maka nasiha da faransanci: ka riƙa bitar darasi kowace safiya, kada ka bari Dendanci ya ɓata maka baki. Wallahi abin da na faɗa ke nan. Ruwa ko ƙyalle ko kusa ba su zo mini a rai ba. Kada ka zaci ban san ma'anar darasin ba, na sani. Amma na san shi ne yadda na san sunayen kogunan Faransa, abin faɗa ranar jarrabawa. Tunda da faransanci ya shigo kaina, a kilas ya zauna, bai taɓa biyo ni gida ba.

Sauran ka san shi da jikinka. Da damina ta zagayo ƙurji ya fito maka a gwiwa, kurkunu biyu wuri ɗaya. Tsohon da ya iya ya zo yana naɗe su a tsinke kaɗan-kaɗan, ɗaya ya tsinke a ciki, ƙafa ta kumbura kamar turmi. Wata huɗu kana kwance a tabarma. Da ka tashi, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, ƙwallo da iyo suka zama sai kallo. Wata rana da hantsi ina zaune kusa da kai, ka ce mini, da Hausa, don zafi ya mantar da kai dokata: "Baba, mi na yi kurkunu yak kama ni?" Na ce ƙaddara ce. Ban yi ƙarya ba, komai da ƙaddara yake. Amma ina faɗa shafin littafin nan yana tsaye a idona, na haɗiye sauran maganar.

Shekara biyu asirina a rufe. Sai aka kawo sabon anfirme, wato malamin asibiti, ɗakin magani na Gaya, mutum mai kan gado. Ranar kasuwa ya tsaya a tsakiyar mata da ƙwarya biyu da farin ƙyalle, ya tace ruwan tafki a gabansu, ya nuna musu abin da ya rage a ƙyallen yana motsi, ya yi bayani da Dendanci ya sake yi da Hausa. Uwarka ta dawo da sauri, ko kwandon cefane ba ta sauke ba, fuskarta cike da murna, ta kawo wa malami labari:

"Malam, ka ji abin mamaki? Ashe kurkunu cikin ruwa aka shan shi! Ashe ƙyalle na tare shi!"

Da mai hankali ne da ya yi shiru. Ni kuwa girman kai ya riga ni magana. Na ce, "Ai mu mun daɗe da sani, shina cikin littahin lekol. Shi ne ma Idi yak karanta gaban anspekta."

Ta sauke kwandon a hankali.

"Kahin mu tai tunga, ko bayan mun komo?"

Na ce, "Kahin."

Ta kwance kallabinta ta riƙe shi da hannu biyu tana dubawa. "Irin wanga? Wanga da ni ka ɗamre kai da shi kullum?" Ta ce, "Kai ka sani. Shi ya hardace. Ni ɗai ce ban ji ba, Malam, kuma ni ka ɗebo ruwan in ba shi da hannuna."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage ni ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta mayar da kallabinta ta shiga ɗaki. Abu ɗaya ta roƙe ni daga baya, kada in faɗa maka a lokacin, don kada ka tsani lekol ko ka tsani ubanka. Wata guda tana ajiye mini tuwo, ina kwana da ina wuni kaɗai ke haɗa mu. Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta wannan watan ba, kuma ban ga laifinta ba.

Washegarin ranar da asirina ya tonu na shiga kilas ɗin manya, masu shirin sartifika, jarrabawar gama lekol, na rufe ƙofa. Na sa suka karanta darasin kurkunu, suka zubo shi kamar ruwa. Sai na tambaye su da Hausa: me yake cewa? Da farko sun zaci tarko ne, suna kallon bulala. Na jefar da ita waje ta taga na sake tambaya. Ba wanda ya sani. Ɗaya ya ɗaga hannu ya ce yana zaton addu'ar Nasara ce ta kafin cin abinci. A cikinsu har da masu tabon kurkunu a ƙafa, suna zaune suna karanta maganin ciwonsu ba su ji ba.

Ga shawarata, kuma ba roƙo nake ba, umarni ne na uba. Duk abin da ya shafi ran yaro, ruwan sha, cizon maciji, wuta, ciwon ido, kada ka yarda ya fita ƙofar kilas sai ka tabbata zai iya faɗa wa uwarsa shi da harshen da take ji. Wadda ke ɗebo ruwa ba ta zuwa lekol, Idi. Kafin ka damu da allon bango, ka je ka ga inda ƙauyen nan ke shan ruwa. In tafki ne, darasinka na farko ke nan, kuma kai ba ka bukatar hoto a littafi, ka ɗage wando ka nuna musu.

Kada ka ce daga nan na zama waliyyi. Saura kuskure ɗaya. Na koma ina yin bayani da Hausa kafin faransanci, rabin kilas suka farka, ina ta jin daɗin kaina. Rabin kuwa suna nan jiya i yau. Na dawo gida ina gunaguni ni kaɗai cewa har da Hausa ma wasu ba sa ji. Uwarka tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce: "Hausa ta wa? Ɗiyan bakin gulbi, Hausa tasu ta sayen gishiri ce. Kai dai in ka ji, ka aza kowa ya ji." Doguwar maganarta ta farko ke nan gare ni bayan wata guda, kuma ta fi duk abin da anspekta ya taɓa rubuta mini amfani. Ni da na kori Dendanci daga gidana, sai ga ni zaune a tabarma da takarda ina tambayar matata yadda ake cewa inuwa, yadda ake cewa rabi, yadda ake cewa saura. Ta rama kuwa, don duk kalmar da na karkace sai ta sa na maimaita sau uku.

To kai ma kada ka isa can ka ce ai ƙasar Yelu kowa na jin Hausa. Jin kasuwa daban, harshen da uwa ke rarrashi da shi daban. Makon farko ka tambayi kowane yaro da me ake magana a gidansu. Dendancinka bai mutu ba, barci na sa shi, ka tashe shi. In akwai ƴaƴan Fulani, ka je ruga ka gai da iyayensu, ka roƙi kalmomi, ba wanda zai hana ka. Ka zaunar da mai harshe biyu kusa da mai ɗaya, ka bar su su yi raɗa. Ba surutu ba ne, aikinka suke taya ka.

Kuma kada ka juya maganata ka ce na ce a zubar da faransanci. Sam. Da shi za su ci sartifika, da shi za su karanta takardar da aka ce su dangwala wa hannu, da shi za su tsaya gaban kumandan ba tafinta. Ana ta raɗe-raɗin mulki zai dawo hannun ƴan ƙasa. Ko ya dawo ko bai dawo ba, za a nemi masu karatu. Abin da na gano a shekaruna na ƙarshe shi ne hanyar kawai muka juya. Ka fara sa abin ya zauna a kansu da harshensu, su faɗa maka shi da bakinsu, sannan ka ce to ga sunansa da faransanci. Kalmar da ta tarar da ma'ana tana jiranta ba ta fita. Yaran da na koyar a haka sun fi na da jin faransancin kansa, kuma sun fi su cin jarrabawa, dirakta ma ya shaida, ko da yake bai so ya san dalili ba.

Ba zan ɓoye maka tsadar abin ba. Wata shekara anspekta ya iso ba sanarwa, ya tsaya bayan taga ya ji ni ina raba mangwaro da Dendanci don su gane rabi da kwata. Aka rubuta mini takardar gargaɗi, ƙarin girman da nake jira ya bi ruwa, na ajiye aiki ina monitar yadda na fara. Abokan aikina sun yi ta yi mini dariya, suna cewa Garba ya tsufa ya koma malamin zaure. Kai ma ana iya yi maka haka, kuma kai yanzu kake farawa. Ba na ce ka je ka tsokani hukuma ba. In Bature ya zo ka nuna masa faransancin da ya zo gani, yaranka za su iya, har su amsa tambayar da ba a hardace ba. Amma in ya zama dole ka zaɓa tsakanin yabo a takarda da yaro ya gane, ka tuna ubanka ya taɓa zaɓar yabon, kuma ba shi ne ya biya ba.

Ga shi na faɗa. Tambayar da ka yi mini kana kwance a tabarma, yau na ba ka sauran amsarta. Ba ka yi komai ba, Idi. Ka yi duk abin da aka ce ka yi, har ka fi kowa. Ni ne na sa maganin a bakinka na hana shi isa kunnenka. Ina neman gafararka. Ba na ce ka ba ni ita a wasiƙa ta gaba ba. In ranka ya ɓaci, ka bar shi ya ɓaci, kana da gaskiya, zan jira. Abin da ba zai jira ba shi ne yaran da za su zauna gabanka ranar Litinin, don tafki bai san ana fushi tsakanin uba da ɗa ba.

Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka haƙuri da ƴaƴan mutane, Ya sa su ji ka kai ma ka ji su. Allah Ya tsare ka a zaune da a tafe, Ya raba ka da girman kan ubanka, Ya dawo mana da kai lafiya. Ka gai da maigarin da ya sauke ka.

Uwarka tana gaishe ka. Ita ce ta ɗage mini alkawarin shirun da kanta, ranar da ka tafi. Ashe ta ji abin da ka ce kana ɗaure kaya. Ta ce in ban rubuta ba za ta hau kamyo ta je Yelu ta faɗa maka da bakinta. Ga ta nan zaune a bakin ƙofa tun ɗazu, ta ce ba za a liƙe takardar ba sai na karanta mata daga farko har ƙarshe, ta ji ko na rage wani abu don in kare kaina. Shekara ashirin ina rubutu a gidan nan, wannan ce takarda ta farko da za ta ji abin da ke cikinta. Bari in je in karanta mata.

Wassalam.

Ni ne ubanka,
Garba.